Takardun da Maikano Ya Naɗe Tsire da Su

Jamus ta Yamma, 14 ga Maris, 1977

Zuwa ga Yaya Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da duk mutanen gida a Sabon Gari. Allah ya ƙara muku lafiya. Yau shekara uku da wata biyar rabona da Wudil, kuma na gaji.

Labaran ɗan unguwarmu ya iso nan ranar Talata, ya faɗa mini komai. Ya ce da ka gano Maikano mijin Saudatu ne ya kwashe takardun da na aiko ajiya yana naɗe tsire da su, sai ka tarar da shi a kasuwar Juma'a, ka fizge sandar wani makiyayi, ka yi ta zabga masa har hannunsa ya karye, jini ya wanke masa fuska. Sai da mutum huɗu suka riƙe ka. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma da na ji, gilashin taga na nausa. Ɗinki bakwai ne a hannun da nake wannan rubutu.

Ba ka taɓa tambayata abin da ke cikinsu ba. Kalma ɗaya ce, "slahan", ta tsohon harshen da ya haifi Jamusanci da Ingilishi. Ba wanda ya taɓa rubuta ta, daga jikokinta muke gano ta, shi ya sa ake ɗora mata tauraro a gaba. Ina bin yadda "h" ɗinta ke komawa "g" in an ce jama'a sun riga sun aikata. Ma'anarta dukan mutum, har kisa. Malamina yana son takardun kafin watan Yuni, in ba haka ba gwamnati ta janye tallafi, in dawo hannu rabbana.

Amma Yaya, Maikano bai yi boko ba. Labaran ya ce sai da ya duba ya tabbatar babu ayar Alƙur'ani a ciki kafin ya taɓa. Ni na aiko akwati ban faɗa wa kowa darajarsa ba. Don Allah ka kai shi wurin mai ɗori, ka riƙe gidansa har ya warke, ka ba shi haƙuri a kasuwar da ka dake shi. Saudatu ƙanwarmu ce.

Ka gaishe da Inna, da matarka Hansai, da Maikano musamman.

Cikin falle ɗari tara, Labaran ya tsinto ɗari biyu da sha huɗu. Sittin, mai da yaji sun cinye rubutunsu. Saura ɗari da hamsin da huɗu, da su zan fara.

Ƙaninka,
Isyaku