Rigar maza da na saka a cikin wasa ta jawo min tashin hankali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni 'yar Garwa ce, babana malami ne mai karantar da Alƙur'ani. Da na faɗi jarrabawar probatuwar, ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, sai aka turo ni Maruwa wurin Goggo, yayar babana, in riƙa taimaka mata saboda ciwon ƙafa. A unguwar Dugoi muke, tana sayar da ƙosai da kunu a ƙofar gida da safe, ni ke zubawa in miƙa wa mutane. In an gama ciniki shi kenan, gida ya yi tsit. Ƙawayena na lise, wato sakandare, sun wuce gaba, in na yi musu magana sai su amsa da ɗan hoton dariya kawai. Wani lokaci nakan wuni ban yi wata magana ba sai "to Goggo".

A haka na fara wani wasa a waya, irin wanda ake haɗuwa mutum huɗu a fafata da wasu. Da farko mace na zaɓa, tunda mace ce ni. Da na buɗe wurin kayan sawa sai kunya ta kama ni, duk kayan matan daga ɗan wando iya cinya sai riga mai nuna cibiya, ko ɗankwali babu. A ɓangaren maza kuwa ga wata doguwar riga shuɗiya har ƙasa, da rawani mai rufe fuska. Na danna na danna ta ƙi shiga jikin macen, wai ta maza ce kawai. Sai na goge macen na ɗauki namiji, na saka masa rigar, na raɗa masa sunan wani gari, a ce Mindif. Wallahi ba don in yaudari kowa ba ne, sutura na nema. Kuma ba zan ɓoye muku ba, rigar ta yi min kyau a rai. A gida duk atamfar da aka yanko ita nake sawa, wannan kuwa ni na zaɓa da kaina.

Na samu abokan wasa uku, duk 'yan Maruwa. Su suna magana da murya, ni na ce musu makirofon ɗina ya lalace, rubutu kawai nake yi. Suna kirana Malam Mindif saboda rawanin, in na makara su ce Malam ya tsaya lazimi. In na kwana biyu ban hau ba sai in tarar da saƙo, "Malam jam na? Ko rezo ne?" wato lafiya kuwa, ko netwok ne ya ɗauke. Ku yi haƙuri in na ce a duk garin nan su kaɗai ke lura in ba na nan.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar wasa da la'asar, ashe yatsana ya taɓa makirofon ban sani ba. Goggo ta ƙwala min kira da cikakken sunana, ta ce in zo in jiƙa wake, ni kuma na amsa da ƙarfi. Nan take rigima ta tashi. Ɗaya ya ce na ci amanarsu, sun yi ta hirarsu ta maza a gabana ba su sani ba. Ɗaya yana dariya ya ce in koma mace yanzu yanzu su ga yadda nake. Na ukun, zan kira shi Buba, ya ce shi abin da ya sani haramun ne mace ta saka kayan maza, ko da a waya ne. Na fara rubuta musu dalilina amma ba mai karantawa, sai na kashe wayar.

Na ɗauka ya ƙare a nan. Washegari da safe ina zuba kunu, masu moto, wato 'yan acaɓa, sun cika bencin ƙofar gida kamar kullum, na miƙa wa wani kofi, ya karɓa ya yi godiya da Fulatanci a hankali, "Usoko, Malam Mindif." Ludayin ya suɓuce min ya faɗa cikin bokiti. Ashe Buba ɗan moto ne, kullum a wurinmu yake karyawa, muryar Goggo ya gane. Goggo ta ce, "Ke lafiyarki?" Shi kuma ya ce, "Goggo ƙyale ta, kunun ne da zafi." Ya shanye ya hau moto ya tafi. Na shiga ɗaki na rasa wa zan gaya wa.

Da rana ya turo min saƙo a cikin wasan. Ya ce tun da na fita ake ta lallasa su, in dawo, ba wanda zai ji daga bakinsa, amma in dawo a mace don su ba sa son ƙarya. Na karanta ya fi a ƙirga, na kasa gane ko lallashi ne ko gargaɗi. Bai taɓa yi min rashin mutunci ba, amma yanzu ya san fuskata, ya san gidanmu, kuma duk mai cin ƙosan Goggo ya san ƙaninta malami ne.

In na koma a mace, 'yar tsirarar nan ce za ta riƙa gudu da sunana a kanta, mutum ɗaya ya ɗauki hoton ya tura, ba wanda zai tsaya jin cewa zane ne, cewa za a yi ga 'yar Malam. In na koma da rigata sun ce ƙarya ce kuma zunubi. In na goge wasan gaba ɗaya ina tsoron Buba ya ji haushi ya yi magana a benci, kuma ko bai yi ba, na koma zaman da ba mai tambaya ta.

Masu ilimi a cikinku, da gaske na yi zunubi don na rufe jikin hoto da rigar maza? In gaya wa Goggo da bakina kafin ta ji a waje, alhali na san ranar za ta karɓe wayar? Ko in roƙi Buba? Har yanzu ban ba shi amsa ba, kuma gobe da safe zai zo shan kunu, ni ce zan miƙa masa. Me zan ce masa?