Fil Ɗin da Na Tsinta a Aljihun Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka kwanciyar hankali, ya raya yara, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan gida sai godiya. Umma gwiwoyin nan ne dai, yau su lafa gobe su tashi, kuma likita ya ce kada ta fasa zuwa asibiti duk ranar Alhamis. Goggo ta zo ta yi mana kwana huɗu, ta gyara wa kowa zama ta koma. Ni kuwa ina nan ina fama da 'yan ajina, waɗanda har yau rubutunsu bai fi tonon kaza ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kowane mako. Dalilin shi ne duk lokacin da ka kira, Baba yana zaune kusa da ni, kai kuma da ka ji muryarsa garau sai ka yi hamdala ka ce sai wani makon. Abin da ke raina ba zai faɗu a gabansa ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Don haka ka nemi wuri ka zauna, kada ka karanta ta a tsaye kamar yadda ka saba.

Wajen wata guda ke nan motar Baba ta fara wani ƙwanƙwasa a ƙafar gaba ta hagu, da an hau gargada sai ka ji kamar ana buga ƙofa daga ƙasa. Baba ya girgiza tayar sau biyu ya ce bol-join ne ya ci, wato ƙwallon ƙarfen nan da ke riƙe ƙafar mota da jikinta. Na ce a kai wa Dogo, tsohon yaronsa da yanzu yake da garejin kansa har da furfura. Ka san Baba. Ya yi mini kallon da ya sa na haɗiye sauran maganar, ya ce shekara arba'in yana bakanike, bai bar gareji don a mayar da shi mai kai aiki ba. Ya sayo sabo, ya ɗaga motar a jak a ƙarƙashin rumfar tsakar gida, ya jawo akwatin kayan aikinsa. Da yake muna hutun makaranta, ni na zama mai miƙa sifana.

Tsohon bol-join ɗin kuwa ya ce ba inda za shi. Tsatsa ta cinye shi, ya manne a cikin raminsa kamar tare aka zuba su. Kwana biyu Baba yana ɗiga masa man birki da kananzir safe da yamma don ya jiƙa, sannan notin da ke riƙe da shi ya yarda ya motsa. Har nan ban ga wani abin damuwa ba, ƙarfe ne da taurin kansa, shi ma Baba da nasa. Abin da ya tayar mini da hankali a rana ta uku ya faru. Kai ma ba ka manta dokar da ya sa mu haddace muna yara ba: ba a cire noti gaba ɗaya, ana barin sa a bakin haƙoran da ake murɗa shi a kai don kada ƙarfe ya zabura ya karya hannu, kuma ba a dukan bol-join a ka, gefen ramin ake duka, guduma ɗaya ta tokare ta baya ɗaya ta buga ta gaba. Sau nawa ya kori yara daga gareji a kan wannan? To Yaya, da idona na ga ya kwance notin ya ajiye a ƙasa, ya ɗaga babbar guduma ya dinga sauke ta a tsakiyar kan ƙarfen. Na ce masa ba gefe ake duka ba? Sai ya tsaya da gudumar a sama yana kallona, ba kallon fushi ba, kallon wanda aka tambaya hanyar garin da bai taɓa zuwa ba. Can ya yi dariya ya ce gwada ni yake yi.

Amma aikin gama ya gama, kan ƙarfen ya baje, ya fi ramin da zai bi ya fita faɗi. Ya ɗauki zarto ya yi wuni guda yana yanke bajajjen kan, gumi har cikin idonsa, Umma tana leƙowa ta taga tana roƙonsa ya bari rana ta yi sanyi. Washegari ya aro abin hura wuta wajen mai walda na bakin layinmu ya gasa gefen ramin, tsohon man giris da ke ciki ya fashe ya fantsamo masa a damtse, har yanzu tabon yana nan. A rana ta biyar, bayan dukan da ya sa maƙwabta suka aiko tambaya ko lafiya, abin ya saki ya faɗo ƙasa. Da ka ga fuskarsa da ka yi murna. Ya ɗauke shi ya zagaya da shi gidan yana nuna wa kowa, har ya ce wa Umma ta duba da kyau ta ga ko tsohon nata ya ƙare. Ya goge ramin, ya sa sabon, ya mayar da taya, ya sauke jak, ya zagaya layi sau ɗaya. Ƙarar ta ɗauke. Ni ma na ce wa kaina tsorona ne ya yi yawa, kowa yana mantuwa.

Ranar Talata na ɗauko shuɗiyar rigar aikinsa zan wanke. Ina lalube aljihu sai yatsana ya ci karo da wani ɗan fil na ƙarfe mai ƙafa biyu, sabo dal. Na san shi. Shi ne ake sokawa ta cikin noti a tanƙwara ƙafafunsa don kada notin ya warware a hanya, wanda Baba yake cewa bakaniken da ya manta da shi ya haƙa kabari ne ba gyara ya yi ba. Na bar wankin na durƙusa gefen motar, na zura hannu bayan taya. Yaya, da yatsuna biyu notin ya juya. Ko ɗaure shi bai yi ba. Jibi kuma Alhamis, zai ɗauki Umma su hau babban titin nan da manyan motoci ke gudu. In ƙafar ta cire a can, ba sai na ƙarasa maka ba. Na daɗe zaune a ƙasa ina tuna wasu abubuwa da na yi ta kawar da kai daga gare su: shayin da ya zuba wa sukari sau biyu, da ranar da ya dawo daga kasuwa a ƙafa ya bar motar can.

Gaba kura baya sayaki. In na kira Dogo a ɓoye na ci mutuncin mahaifina a gaban yaronsa, in na yi shiru na sa rai biyu a hanya. Sai na same shi a kan bencinsa na buɗe masa tafin hannuna. Ya ɗauki fil ɗin ya jujjuya. Ya tashi ya je ya taɓa notin da kansa. Bai yi musu ba, kuma wallahi da ya yi musu da ya fi mini sauƙi. Ya sake ɗaga motar, ya ɗaure notin tam, ya soka fil ɗin ya tanƙwara, ya sa na duba sau biyu. Da ya wanke hannu sai ya ciro makullin motar ya danƙa mini. Ya ce ya daɗe yana jin abubuwa suna zille masa, ya ɗauka gajiya ce. Ya ce in ajiye makullin inda bai sani ba, kuma ko shi da bakinsa ya zo ya nema, kada in ba shi. Ya sa na yi masa alkawari, na yi. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Ranar Alhamis da safe ya fito da wankakkun kaya da hularsa, ya ce in kawo makulli za su makara. Na tuna masa maganarmu a hankali. Ya ce ba a yi haka ba. Na nuna masa benci, na faɗi abin da ya ce kalma da kalma, ya ce ƙarya nake yi masa. A gaban Umma ya ce bai san ya haifi wadda za ta ƙwace masa abinsa tun yana raye ba, in gadon nake so in jira. Ban ba shi ba. Na tsayar musu da motar haya, ya shiga bai dube ni ba. Yau kwana tara ke nan ina gaishe shi ba ya amsawa, abincin da na kai masa sai Umma ta sake ɗauka ta miƙa sannan ya ci. Ina cika alkawarin da na yi wa Baba ranar Talata, shi kuma Baban da nake gani kullum bai san da shi ba. Umma ta ce in yi haƙuri, tana faɗa tana kuka, don ita ma ba ta san bayan wa za ta bi ba.

Ba kuɗi nake nema ba, kada ka turo komai. Kai nake so. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Baba yana jin maganarka fiye da ta kowa. Yana buƙatar ganin likita, ni kuwa yanzu ko ruwa na ce ya sha zai ce da wata manufa. Ka nemi hutu ko na mako guda ne, ka zo ka zauna da shi a bencin nan, ka ga abin da nake gani. Ina tsoron ranar da zan gaji da fushinsa in miƙa masa makullin don kawai ya amsa gaisuwata, kuma ina tsoron in ka jinkirta ka zo ka tarar da ƙasa da abin da ka bari.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce ina nan ina jiran hotunan da ta yi alkawari. Ka shafa mini kan Babba da 'Yar Baba, ka gaida Kawu in kun haɗu. Umma tana gaishe ku tana sa albarka, Goggo ma ta bar saƙon gaisuwa. Baba bai san na rubuto ba. Jiya dai na ji yana ce wa Umma ta gaya mini, in na yi waya da kai, in sanar da kai ya gyara motar da hannunsa, duk ranar da za ka zo shi zai je tasha ya ɗauko ka.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta