Fuskar Hajo da Hannun Ɗan Fari

Maska, 9 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maijego Rabi'atu da baƙon da Allah Ya kawo mana. Mu nan sai godiya.

Rabe direba ya kawo takardarka ina gonar auduga. Na karanta ta a tsaye sau uku, domin karatuna na yaƙi da jahilci ne, ba ya gudu. Da na tabbata namiji aka ce, sai na yar da buhu na nufo gida ba takalmi. Mutane suka zaci gobara ce. Kai kaɗai Allah Ya bar mana, shekara tara muna jiran wannan labari, yaya ba zan yi gudu ba?

Na shiga na ce wa Innarka Hajo an haifi wanda zai ƙwace mini mata. Ta ce, "Da ma na gaji da tsoho." Ka gaya wa yaron nan ya zo da shiri, ba zan sakar masa ita a banza ba.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri, dawa ba ta yi ido ba, gwiwoyina kuma sun fara ƙin zuwa gona. Duk da haka rago na nan ɗaure. Zan taho ranar jajiberin suna, tare da Iya Risikat mai kwanuka, ƙawar Hajo. Ita Hajo ba za ta samu zuwa ba. Ta ce babu mai kula da awaki.

Haza wassalam.
Ummaru Maska

Kaduna, 22 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga mahaifina Malam Ummaru,

Gaisuwa da ban girma. Ina fata kun isa gida lafiya. Takwaranka, wanda ka laƙaba wa Maiwada, yana ta tsotso.

Baba, akwai maganar da ban iya yi maka ba cikin taro. Ran suna Iya Risikat ta tare ni a zaure ta ce, "Kai Likita, kana gyara fuskokin mutanen duniya, ta uwarka fa?" Na ce me ya sami fuskar Inna? Ta kama baki, ta ce ita ba ta ce komai ba.

Tun da na dawo daga Ingila na zo gida sau huɗu. Kullum yadda na saba nake yi: in durƙusa a ƙofar ɗakinta in gaishe ta, ta amsa daga bayan labule. Na san ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallona ba, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Amma na ji maganarta ta canza, na ɗauka haƙora ne suka zube.

Ina roƙonka ka gaya mini gaskiya. Yaushe abin ya fara? Wane ɓangare? Idon yana rufuwa? Idan ta yarda, a kai ta Funtuwa a ɗauki hotonta a aiko mini.

Ɗanka,
Abdussamad

Maska, 6 ga Disamba, 1983

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa, takardarka ta iso. Iya Risikat ta riga ta zo ta ba ni haƙuri. Na ce mata ai ta sauke mini kaya ne.

Shekara biyu ke nan da rabi, lokacin kana can ƙasar Turawa. Ciwon kunne ya kama ta har yana ruwa. Wata safiya ta tashi, ɓangaren hagu na fuskarta ya sauka kamar katangar da ruwa ya ci. Baki ya karkace. In ta sha koko sai ya biyo gefe. An ce iska ce ta buge ta. Wanzami ya yi ƙaho, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Kunnen ya warke, fuskar ba ta koma ba. Yanzu kuncin ya zubo har ya haɗu da fatar wuya.

Idon hagu ba ya rufuwa. Ni nake ɗaure mata shi da tsumma in za ta kwanta, ni nake kwancewa. Da aka yi sussukar dawa ƙaiƙayi ya shiga, yanzu ya yi ja, kuma na ga wani ɗan fari-fari a kan baƙin.

Ita ta hana a gaya maka. Maganar awaki ma ba gaskiya ba ce. Wata rana 'yar maƙwabta ta shigo, ta gan ta, ta kwarma ihu. Tun daga ranar ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Ta ce mijinta sabo ba zai fara ganinta a haka ba.

Na kai ta wajen Donatus mai hoto. Sai da na ce na katin asibiti ne. Allah Ya yafe mini. Ga shi nan cikin ambulan. Da muka dawo na faɗa mata gaskiya, na ce kana iya yi mata aiki. Sai ta ce, "Wancan? Ya riƙe mini haɓa yana leƙa fuskata? Malam, ka tsufa har ka manta ko wace ce ni?"

Na ce, "Likita ne fa."

Ta ce, "A wurinku."

Shekara talatin da bakwai ina kai saƙo tsakanin ku biyu. Wallahi na gaji.

Wassalam,
Ummaru

Kaduna, 18 ga Disamba, 1983

Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na ga hoton. Ban nuna wa Rabi'atu ba sai bayan kwana biyu.

Wannan farin da ka gani farkon hakiya ne. Idan idon ya ci gaba da zama a buɗe, ba zai kai damina ba. Ga man ido na ba Rabe, a riƙa sa mata sau huɗu a yini. Amma mai ba zai rufe ido ba.

Bari in bayyana aikin yadda za ka iya karanta mata. Jijiyar da ke motsa wannan ɓangare ta mutu, ba mai tashinta sai Allah. Abin da nake iyawa shi ne in ɗaga abin da ya zubo in ɗaure shi. Ana fara yanka daga cikin gashi saman kunne, a biyo ta gaban kunne, a zagaya ƙarƙashinsa, a ƙare a bayansa, don tabon ya ɓuya. Sai a ɗaga fata a hankali. A ƙarƙashinta akwai wani shimfiɗaɗɗen nama mai ƙarfi, shi ake ja sama a ɗinke. Wanda ya ja fata kaɗai, bayan shekara za ta sake saki. Zan ciro wani farin tantani mai tauri daga cinyarta, kamar tsirkiya, in ɗaura daga gefen baki zuwa ƙashin da ke gaban kunne, ya riƙe bakin daidai. A wuya, ƙaramin yanka ne ƙarƙashin haɓa, a tattaro naman da ya saki a ɗinke. Fatar idon ta ƙasa zan tsuke ta, in haɗa gefen ta sama da ta ƙasa kaɗan.

Akwai abu biyu da ba zan ɓoye ba. Ɓangaren ba zai yi murmushi ba. Kuma fatar da za ta yi saura a gaban kunne yanke ta ake yi, a nan kuwa zanen gidan ubanta yake. Layi biyu za su tafi.

A Ingila shekara biyu na yi ina riƙe wa maigidana ƙugiyar ɗaga fata yana jan wuyan tsofaffin matan masu hali, waɗanda lafiyarsu lau, tsufa kawai suke gudu. Na sha tambayar kaina me ya kai ni. Na nemi wanda zai yi wa Inna a madadina. Abokin aikina Dakta Obioma gwanin allurar barci ne, ba ya yanka. Wanda ya iya yana Ikko, kuma sai bayan wata takwas. Idon ba zai jira ba.

Ɗanka,
Abdussamad

Maska, 15 ga Janairu, 1984

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa, ka yi haƙuri da jinkiri. Kwana tara na yi ina bin layi a kasuwar auduga, na dawo da zazzaɓi.

Na karanta mata takardarka a gaban Iya Risikat. Da na zo wajen naman ƙarƙashin fata na ce musu kamar jinka ce, in ta lotsa ba ciyawar ake ja ba, tankar ake gyarawa. Ban sani ba ko na faɗa daidai. Da na zo wajen zane ta shafa kuncinta na dama ta ce, "Wannan ya isa a san gidanmu." Na yi zaton ta sauko. Sai ta ce amma ba da hannun wancan ba.

Iya Risikat ta tafa hannu ta ce, "Hajo, ke dai Bahaushiya ce ta ƙarshe! Ni Raufu ɗan farina ne, shi yake matsa mini ƙafa. Na mutu?"

Hajo ta ce, "Ku ai ba ku da ta ido."

"Ke ma saura kaɗan ki rasa idon gaba ɗaya, mu ga da me za ki ji kunyar."

Na ce a raina to, yau za a yi ta. Amma Hajo dariya ta yi, ta rufe baki da mayafi. Can ta juyo ta tambaye ni, "Wannan allurar barci, mutum yana ji?"

Na ce an ce ba ya ji, ba ya gani.

"Ba ya sanin wanda ke kansa?"

Na ce ko an buga ganga.

Ta ce, "To wanda bai sani ba, ai ba shi da abin jin kunya."

Ga sharuɗɗanta, na rubuta yadda ta faɗa. Kada ka shigo sai barci ya ɗauke ta. Ka fita kafin ta farka. Inyamurin abokinka shi zai duba ta kafin aiki da bayansa, shi da nas mace, kai ka tsaya waje su gaya maka. Ba za ta sauka gidanka ba sai an cire zare. Kuma kada a kawo mata Maiwada asibiti.

Na san ba haka kuke aiki ba. Amma iyakar abin da na iya samo maka ke nan, kuma ba ni da ƙarfin sake wani zagaye. Ka sa rana.

Wassalam,
Ummaru

Kaduna, 10 ga Fabrairu, 1984

Baba,

Gaisuwa da ban girma. Na ji ciwon gwiwa ya hana ka tahowa, Allah Ya sauwaƙe. Iya Risikat tana tare da ita, ta riga ta yi faɗa da masu shara biyu.

An yi aikin ranar Talata, awa huɗu da rabi, kuma alhamdu lillahi. Bakin ya daidaita, wuyan ya ɗaga, idon yana rufuwa saura kamar bakin farce. Ina sa ran hakiyar za ta tsaya inda take. Fuskar ta kumbura, haka ake yi, za ta saɓe cikin mako uku.

Na cika sharuɗɗa. Na tsaya a baranda da hannuwana a wanke har Obioma ya leƙo ya ce ta yi barci. Da na shiga na ɗauki alƙalamin da muke zana layin yanka, sai na kasa farawa. Baba, ban taɓa ganinta kusa haka ba. Ban san tana da tabo a gira ba. Ban san kunnuwana nata ne ba. Obioma ya ce, "Oga, maganina ba ya jiran mutum." Sannan na zana.

Layi ɗaya na zanen na samu na tsirar, ɗaya ya tafi.

Abu ɗaya zan faɗa maka, kada ka karanta mata wannan. Bayan an naɗa bandeji an mayar da ita ɗaki, ban fita nan da nan ba. Na zauna a gefen gadon kamar minti goma. Ba duba ta nake yi ba, zama kawai na yi. Da na ga yatsunta sun fara motsi na tashi.

Tun ranar, ta bakin nas nake jin labarinta. Na gaji ƙwarai, amma lafiya.

Ɗanka,
Abdussamad

Maska, 20 ga Maris, 1984

Zuwa ga Likita,

Bayan gaisuwa, Hajo ta iso lafiya, ita da Iya Risikat. Kwana ukun da ta yi a gidanka, da na ji ka koma kwana asibiti don ta sake, har yanzu labarinsu take bayarwa. Ta ce mijinta ya kama mata hanci bai yi kuka ba. Jiya ta je suna Unguwar Rabe ba ta ja mayafi ba. Na daina ɗaure ido.

Ban karanta mata wancan wurin ba. Ita ce ta ce mini da safen nan, tana tankaɗe, wai ran aikin ta farka tun kafin yatsunta su motsa. Ta buɗe idon dama kaɗan ta bakin bandeji. Ta ce furfura ta fito maka a saje, kuma ka rame, a ce wa Rabi'atu ta riƙa ba ka abinci a kan lokaci.

Ta ce kada in kuskura in rubuta maka. Na ce to.

Wassalam,
Ummaru