Cinyoyin da Suka Kasa Hawa Benenmu

Ya kwaɗon daminar zuciyata, barewata mai ƙwauri kamar taɓarya, hasken idona da ba ya tsayawa wuri ɗaya balle in kalle shi! Ina gaishe ka, ina kuma gaishe da cinyoyinka, tunda sun fi ni samun kulawa.

Ka tuna ranar da ka kai ni ɗakin motsa jiki? Na fesa turare, na ɗauka hira za mu sha, ashe alƙalanci aka kira ni. Ka ɗare kan akwatin katako, wai wannan ke koya wa ƙafa tashi. Ka diro daga kansa ka sake zabura sama, wai wannan ya fi sa ƙarfi amma yana cin gwiwa. Sai tsallen kwaɗo daga bango zuwa bango, sai na ƙafa ɗaya kamar wanda ya taka garwashi. Ni kuwa ina riƙe da gorar ruwanka, ina gyaɗa kai. Wace mace ce ta taɓa samun irin wannan gata?

To, jiya fa, gwanina? Baba ya rufe shago da rana tsaka, Mama ta share falo har ƙarƙashin kujeru, saboda ka ce za ka zo su gan ka. Kai kuwa sai a jajibirin ranar ka ga ya dace ka gwada tsalle-tsallen nan duka a yini guda, don ka fitar da zakara a cikinsu. Ka iso gindin benenmu, cinyoyi suka ce ba da su ba. Ta taga na hango ka rungume da ƙarfen matakala, kana ɗaga ƙafa da hannu biyu. Daga nan ka juya kana tafiyar agwagwa, ka turo saƙo wai uzuri ya taso. Kayya! Na yi kuka, masoyi, kuma ba na dariya ba ne.

Baba ya ce zai sake jiranka ranar Asabar, daga ita ba ƙari, kuma shi ba ya magana biyu. Don girman Allah ka huta. Ko kwata ka gani a hanya, kewaye ta. Ina son ka, shi ya sa raina ya ɓaci haka.

Ni taka ce har ƙarshen numfashi, ba zan taɓa kallon wani ba. Amma a hawa na huɗu nake, kuma ba zan sauko ba.

Mai riƙe maka gorar ruwa.