Hankicin da Ya Riga Hawaye

Zuwa gare ki, ya ma'abociyar nutsuwa, sanyin idaniyata, raɓar da ke sauka a kan ganye ba tare da ta tashi tsuntsu ba. Ke da muryarki ta fi saukar ruwan farko a kan rufin kwano daɗi, ke da shirunki ya fi tsawa firgitarwa. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, ko da yake ni na rasa nawa rabon a kwanakin nan.

Yau kwana goma sha biyu rabon da ki amsa mini ko da harafi ɗaya. Kwana goma sha biyu! Ni da na saba aiko miki saƙo arba'in kafin azahar, daga tsohuwar waƙar da na tono a intanet, zuwa shafin zanen da ya burge ni, zuwa bidiyon dattijon nan mai gyaran agogo da ba ya cewa uffan, yau saƙona yana tsayawa a bakin ƙofarki kamar baƙon da aka ƙi amsa wa sallama. Shi ya sa na koma ga biro da takarda. Takarda ba a toshe ta kamar lambar waya, sai dai a yaga. In kuma yagawar za ki yi, ina roƙon ki fara karantawa.

Shekara huɗu na yi a jami'a ina nazarin mantiƙi da balaga. A shagon buga takardun da nake aiki, babu mahaluƙin da ya taɓa kayar da ni a muhawara, kuma ke da kanki kika laƙaba mini Farfesa. To ga Farfesa a gabanki, ƙamus ɗinsa ya ƙare, hujjojinsa sun watse kamar garken tsuntsaye da aka jefa wa dutse. Ina amfanin fasahar da ba ta iya wanke mai ita?

Kin tuna yadda muka fara? Falon Kaka a gidanku, ranar Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Kwamfutata a kan ƙaramin teburin nan mai gajeriyar ƙafa da muke tokarewa da nannaɗaɗɗiyar jarida, fanka tana kukanta, Kaka a kujerarta tana rantsuwar ba kallo take yi ba, alhali ita ce ke fara zagin mugu. Fim mai dogon zango, kashi arba'in, labarin matuƙiyar jirgin ruwa da ke neman ƙaninta a tsibirai. Ke kika kafa sharaɗi, kika ɗaga yatsa kika ce: kashi ɗaya a mako, kuma babu mai wuce ɗan'uwansa. Ni kuma, da yake bakina ba ya iya amsa abu da kalma ɗaya, na tashi tsaye na yi jawabi a kan alfarmar alƙawari har Kaka ta ce, "Mijina, zauna ka tare mana hoto." Wata goma muka yi a haka. Wata goma ina satar kallon hasken allo a kan kumatunki, kamar wata a kan ruwan tafki. Wallahi ban taɓa sanin yamma tana da ɗanɗano ba sai a falon nan.

Sai kashin ƙarshe ya zo. Ranar Laraba, injin shago ya tsaya ana jiran mai gyara, na zauna babu aikin yi, wayata a hannu. Na ce bari in leƙa minti biyar kawai. Ya abar begena, wa ya taɓa tsoma ƙafa a kogin da ya cika ya ce iya idon sawu zai tsaya? Na kalle shi har ƙarshe. Na ga mutuwar tsohon mai dafa abincin jirgin, wanda kike cewa yana tuna miki da marigayi mahaifinki. Na san za ki yi kuka. A nan ne wayona ya kai ni ya baro: na wanke farin hankici, na goge shi, na linke shi huɗu, na sa a aljihu, ina yaba wa kaina da tausayi da hangen nesa.

Ran Asabar na miƙa miki shi. Minti uku kafin lokaci! Tsohon yana zaune a bakin jirgi yana dariya, yana ɗinke taru, babu ciwo, babu alama. Kika dubi hankicin, kika dube ni. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Ashe duba kake yi ban sani ba? Tun mutum bai mutu ba ka iso da ta'aziyya?" Ba ki yi dariya ba. Kika zauna kika kalli mutuwarsa da busassun idanu. Na sace miki har kukan da kika cancanci yi. Da hoton ya ɗauke, kika faɗi maganar da har yau take ci na kamar gara a cikin gungume: wai ba kallon da na yi ne ya ƙona miki rai ba, zaman da na yi a gefenki ina jiran in ga fuskarki ta karye, wai kin ɗauka tare muke jin tsoro, ashe ke ma fim ce a wurina. Sannan kika tambaye ni sau nawa na taɓa yin haka. Na ce sau ɗaya.

Washegari kwali ya iso shagonmu daga wurinki. Littattafan zanena goma sha bakwai da na ba ki aro, a jere bisa lambobinsu, an ɗaure da zare. Katin waya mai ɗauke da waƙoƙi ɗari uku da na tsara miki, kowace da sharhinta. Abin sawa a kunne da muke rabawa, ke dama, ni hagu. Na buɗe littattafan, sai ga ƙananan takardun kantin maganin da kike aiki a tsakanin shafuka, kin yi alama a wuraren da suka burge ki. Ashe kin karanta! Ashe kina da ra'ayi a kan kowane shafi, ni kuwa ban taɓa tambayar ki ba, sai dai in yi miki lacca! A ƙarƙashin zanen wani aku da ya buɗe baki a kan reshe kin rubuta, "Farfesa yana bayani." Na yi dariya ni kaɗai a bayan injin, dariyar ta juye ta zama abin da ba zan rubuta ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ba sau ɗaya ba ne. Sau bakwai ne. Ranar guguwar teku, da kika riƙe gefen zanen Kaka, ni na riga na san jirgin ba zai nutse ba, amma na yi salati da ƙarfi don ki ɗauka na razana. Ranar da aka gano maci amanar, na dafe kai, alhali tun Talata na san shi. Na san wannan furucin zai iya rufe ƙofar da nake roƙon a buɗe. Amma da wane ido zan nemi gafarar cin amana da wata ƙaryar a aljihu?

Ba raini ba ne, ya hasken safiyata. Cuta ce. Ni mutum ne da ke wuni yana buga kwafin takardun shaidar wasu, tawa tana kwance a jaka shekara biyu babu mai tambayar ta. Abin da na mallaka a duniya shi ne sani: in riga kowa jin waƙa, in riga kowa gano mai zane, in riga kowa sanin ƙarshe. Da shi nake shigowa gidanku in ji ni ma wani ne. Na ji tsoron in zauna kusa da ke hannu rabbana, ban san komai ba. Garin neman gira na rasa ido.

Ki ji abin da na yi, ba abin da zan yi ba. Zango na biyu ya fito a intanet shekaranjiya, duniya duk ta kalla, ban da ni. Na fice daga zaurukan masoya fim guda huɗu, har da wanda ni na kafa. Jiya, kina wurin aiki, na kai wa Kaka kwamfutata, ta kulle ta a kabad, ta ɗaure makullin a bakin zanenta, ta ce, "Ka dai kawo mini kishiya ajiya, in ta yi motsi in fasa ta." Maigidana a shago kuma ya samu abin wasa. Da ya gan ni sai ya ce, "Farfesa, ka san kuwa ashe ƙanin matuƙiyar nan…" ni kuma in toshe kunnuwa in fita titi da takardun mutane a hammata. Sau uku ke nan yau. Ni da ba a taɓa riga na jin labari ba, na zama mai gudun labari kamar mai gudun gobara!

Ran Asabar, ƙarfe huɗu, zan tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gidanku. Ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan yi jawabi ba. Idan kin yafe, ki aiko a ce in shigo, in zauna inda kika nuna mini, in ji tsoro lokacin da kika ji, in rasa abin cewa lokacin da kika rasa. Idan kuma bakwai ɗin sun fi ƙarfin zuciyarki, ba zan ga laifinki ba. Ki karɓi makullin a wurin Kaka ki kalla ke kaɗai, amma ki sani ni ba zan taɓa buɗe zangon ba. Zan tsufa, gashina ya yi fari, jirgin nan yana tsakiyar teku a cikin kaina, bai iso gaɓa ba.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
wanda ya zaɓi jahilci a gefenki a kan sani ba tare da ke ba,
Farfesa.