Turaren Wutata Ya Raba Mijina da Yayana

Malam Ɗan'inna, don Allah ka taimake ni. Na san filinka na gyaran na'ura ne, ba na gyaran zumunci ba, amma tawa matsalar ta haɗa biyun.

Mijina Abdulmajid yana aikin kaya a filin jirgin Madina. Da hannunsa ya haɗa kwamfutarsa, yau ya kawo wannan, gobe wancan, har ta tashi. Da ita yake koyon haɗa bidiyo in ya dawo daga dawam, wato wurin aiki. Babban allon da komai ke zaune a kai, madabod ɗin, Yayana Barau ne ya ba shi kyauta. Yaya yana aiki a shagon gyara wajen Ƙiblatain, ya ce allon ya ɗan yi aiki amma lafiyarsa ƙalau.

Doka ɗaya mijina ya kafa mini: kada turaren wuta ya kusanci kwamfutar. To ni kuwa 'yar Abeche ce, gida babu turare ai kango ne a wurinmu. Ran da 'yan'uwansa suka zo ziyara bayan Umara, na turara majalisi, ɗakin baƙi, sosai, kaskon na gindin kwamfutar, tana kunne. Da baƙi suka tafi na leƙa ta gilashin gefenta, sai na ga fankokin sun yi dishi-dishi. Na zare fulogi, na buɗe ta, na goge fankoki. Wasu sanduna biyu da ya taɓa ce mini sunansu ram suka tare mini hannu, na ɓalle su, na goge da busasshen tsumma, na mayar. Ramuka huɗu ne, ban tuna inda suke ba, sai na jera su kusa da juna don sun fi kyan gani a haka.

Tun ranar, in an kunna fankoki na juyawa, sikirin baƙi ƙirin, wata 'yar fitila ruwan lemo na ci a gefen allon. Abdulmajid ya canza waya, ya canza soket, bai duba ram ba don ya san da kansa ya dasa su. Sai ya yanke cewa madabod ne. Ya kira Yaya ya ce masa ya yi masa kyautar raini, ya sauke masa mushe don yana ganinsa ɗan dako. Yaya ya rantse, ya ce a kawo ya duba, mijina ya ce khalas, ba zai sake taɓa masa kaya ba.

Ina tsaye a ƙofar kicin ina jin komai, ban ce uffan ba. Yanzu ko a Harami suka haɗu kowa sahunsa daban. Yayan da ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu ya daina zuwa gidana, kuma ni na jawo masa. Kunya da tsoro sun hana ni sukuni. Ko akwai yadda zan gyara ta a ɓoye, ta tashi kawai kowa ya huta? In kuma na kashe ta ne gaba ɗaya, ka faɗa mini.

'Yar'uwarka mai cizon yatsa, Madina.

Amsa:

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Yadda kika bayyana, da wuya a ce kin kashe ta. Fanka na juyawa, sikirin baƙi, fitila na ci: mafi yawan lokuta ram ne bai zauna ba, ko yana ramin da ba nasa ba. Ku duba rubutun da ke jikin fitilar, in DRAM ne, magana ta fito.

Ga yadda za a yi. A zare fulogi, a danna makunnin na ɗan lokaci don sauran wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa komai. A cire sandunan biyu, a duba haƙoransu masu ruwan zinari. In da datti, a goge a hankali da abin goge fensir, ban da ruwa, ban da turare. A sa sanda ɗaya tak a rami na biyu daga wajen babbar fankar tsakiya, tsagar ta dace da tsaga, a danna har sai ta ce ƙas. A kunna a yi haƙuri, wani allon yakan ɗauki 'yan mintuna kafin ya nuna hoto. In ta tashi, a kashe a sa ta biyun a rami na huɗu. Yawancin alluna haka suke so, amma littafin allon shi ne alƙali. In ta ƙi, a gwada ɗayar sandar ita kaɗai, a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo a mayar bayan 'yan mintuna, a kuma tabbatar hannunki bai sassauta manyan wayoyin wuta ba. Sai duk wannan ya gaza za a fara zargin madabod.

Kin lura ban ce ke ki yi ba. Gyaran ɓoye shi ya kawo ki nan, kada ki ƙara na biyu. In ta tashi da kanta, mijinki zai ce allon ne mai wasa, sunan Yayanki bai wanku ba ke nan.

Laifinki na turare ƙarami ne, shirun ne babba. Shi ma Abdulmajid yana da nasa: ya tuhumi mutum kafin ya bincika, ya kuma zagi kyauta. Ki faɗa masa gaskiya yau, bayan ya ci abinci, ba tare da kwana-kwana ba. Zai yi faɗa, ki jure, faɗan miji na yini ɗaya ya fi gabar 'yan'uwa sauƙi. Sannan ki roƙe shi abu guda: kada ya taɓa sandunan nan, ya ɗauki kwamfutar yadda take ku kai wa Barau, shi ya danna su da hannunsa a gabanku.

Kasko kuwa ya koma ɗaki, gida ba zai rasa ƙamshi ba. Allah ya tashi kwamfutar, ya kuma maido miki da Yayanki kan tabarmarki.

Ɗan'inna