Fetur da Kananzir a Gora Iri Ɗaya

Zuwa ga Sarkin Kasuwar garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa.

An mayar da ƙanwata Hadiza babban asibiti a Kano, domin ƙunar hannunta ta fi ƙarfin asibitin da ke kusa da mu.

Ga abin da ya faru. Mijinta, Malam Sani, ya sayo fetur na babur da kananzir na hura wuta a tebur ɗaya cikin kasuwarka. Kowanne a tasa koriyar gorar lemo aka zuba masa, iri ɗaya, wadda ba a ganin launin abin da ke cikinta. Tun da mai ya yi tsada ba wanda ke barin fetur a zaure, sai ya ajiye su a madafi. Damina ce, icce ya jiƙe. Hadiza ta yi ta hura wuta har hayaƙi ya cika mata ido da hanci, ta lalubo gora ta tsiyaya a kan garwashi, ashe ta fetur ce. Wutar ta biyo gorar zuwa hannunta, ta kama rufin kara.

Na farko, ranka ya daɗe, ba a kanta aka fara ba. Bara haka ta faru a wani gida bayan masallacin Juma'a. Na zo rumfarka da ƙafata, ka ce za ka tara masu sayar da mai. Har yau ba a tara su ba.

Na biyu, da na koma bayan wannan gobarar, wakilinka ya ce mini ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara. Amma ban taɓa karanta inda aka ce imani da ita ya hana a ɗaura jan ƙyalle a wuyan gorar fetur ba.

Na uku, ban wanke kanmu ba. Kuskure ne ajiye fetur a madafi, kuskure ne zuba kowane irin mai a kan garwashi. Maƙwabta ma ruwa suka watsa, wutar ta ƙara bazuwa, sai da aka zuba ƙasa ta mutu. Wannan gyaran namu ne. Na teburin mai kuwa naka ne.

Roƙona kaɗan ne. A hana sayar da fetur da kananzir a tebur ɗaya. A sa wa kowace gorar fetur jar alama. Mai shela ya zaga ranar kasuwa ya faɗa wa jama'a, ya kuma ƙara da cewa wutar mai ƙasa ake zuba mata, ba ruwa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon sauke wannan amana, ya tsare iyalinka daga irin abin da muka gani.

Hadiza na da goyo. Likita ya ce sai an kwance bandejin za a san ko yatsunta za su sake lanƙwasuwa.

Wassalam.

Naka,
Yayan Hadiza, daga yankin Bagwai